Jirgin ƙasa na katako: yadda za a sayi mai sauƙin kuɗi, a kuma hana layinsa wargajewa

Ku lura da yaro ɗan shekara biyu ko uku yana wasa da jirgin ƙasa na katako. Zai durƙusa, ya dafa layin da hannu ɗaya, ya tura kan jirgin da ɗayan da dukkan ƙarfinsa. Yana juyawa gwiwarsa ta bugi kwana, mahaɗa ta ɗage, gada ta kife, taragai su watse ƙarƙashin kujera. Daga nan sai kuka. A daidai wannan lokaci ne iyaye da yawa ke yanke hukunci ɗaya cikin biyu: ko su ce araha ce ta cuce su, su fara neman mai tsada, ko su ɗauko gam su manne komai a kan allo. Duka biyun gaggawa ce. Layin mai tsada ma yana rabuwa, domin da gangan aka yi mahaɗarsa sako-sako. Gam kuwa yana kashe rabin amfanin abin wasan.

Mafari shi ne a fahimci mahaɗar. Kowane guntun layi yana da kai biyu, namiji da mace, kamar yadda kafintoci da masu aikin wuta ke faɗa. Namijin dunƙule ne kewayayye mai siririn wuya, faɗinsa kimanin milimita 11 zuwa 12. Macen rami ce da ta ɗan fi shi faɗi. Ana saka shi daga sama, ana cire shi ta sama. In kuka ja guntu biyu ta tsawonsu ba za su rabu ba, amma ɗagawa kaɗan ta isa ta raba su. Wannan sararin da ke tsakaninsu shi ke ba ƙaramin hannu damar haɗawa ba tare da taimakon babba ba, shi ne kuma ke shanye ɗan kuskuren lissafi idan da'ira ta zo rufewa. Saboda haka layi ba ya tsinkewa don an ja shi. Ɗagawa ce ke raba shi, kuma duk dabarar da za a yi ta komo ga abu ɗaya: me ke ɗaga guntun, yaya za a hana shi.

Ma'aunin da kusan kowa ke bi

Abin da ya sa ake iya sayen mai araha hankali kwance shi ne kusan dukkan masu ƙera wannan kaya ma'auni ɗaya suke bi, wanda kamfanin BRIO na ƙasar Suwidin ya yaɗa. Kamfanin ya samo asali tun 1884, ya fito da jirginsa na katako a ƙarshen shekarun 1950, a 2015 kuma Ravensburger na Jamus ya saye shi. Faɗin layin milimita 40 ne, kaurinsa 12. A samansa akwai kwarmi biyu inda tayoyi ke bi, kowane faɗinsa milimita 6, zurfinsa 3, tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar wancan milimita 26. LILLABO na IKEA, da Hape, da Bigjigs, da Melissa & Doug, da Playtive na Lidl duk a kan wannan suke tafiya, sai dai ɗan bambancin da ba a rasa ba. Tarago na wannan yana hawa layin wancan. Inda ake samun saɓani shi ne a matsewar mahaɗa da tsayin ginshiƙan gada, kuma duka biyun suna da gyara.

Miƙaƙƙun guntaye suna zuwa da tsawo biyar da aka fi sani: milimita 54, 72, 108, 144 da 216. Ba a zaɓe su kara zube ba. Biyu na 54 sun yi 108, biyu na 72 sun yi 144, biyu na 108 sun yi 216, haka ma 144 da 72. Kwana kuwa kowace digiri 45 ce, takwas ke yin cikakkiyar da'ira. Babbar kwana tana ba da da'irar da faɗinta daga waje zuwa waje ya kai kimanin santimita 45. Akwai ƙaramar kwana, ita ma digiri 45, amma da'irarta matsattsiya ce, kimanin santimita 26. Yawancin kwanoni suna da kwarmi a fuska biyu, don haka kifewa kawai ake yi ta koma ta hagu ko ta dama.

Waɗannan lambobin su ne makamin mai saye. In kwali ya faɗi tsawon guntayensa kuma sun yi daidai da waɗannan, za a iya ƙara masa daga ko'ina nan gaba. In bai yi daidai ba, duk arahar sa, rijiya ce da ba ta da guga: ranar da guntu ɗaya ya ɓace ba za ku sami madadinsa ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Kada lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta ruɗe ku. "Guntu 80" ko "guntu 100" ya haɗa da bishiyoyi, alamun hanya, 'yan mutane, shanu da shinge. Ku juya bayan kwalin ku ƙirga layin kawai. Waɗancan ƙananan kayan su ke fara ɓacewa, su ne kuma haɗari ga ƙanin da ke rarrafe. A ganina, ga yaro na farko, abin da ya wadatar shi ne babbar kwana 12, miƙaƙƙe na 144 guda huɗu, na 108 guda biyu, na 216 guda biyu, na 72 da na 54 bibbiyu, mararraba (guntun da ke raba layi gida biyu) guda biyu, gicciye (guntun da layi biyu ke ƙetare juna a kansa) guda ɗaya, kan jirgi ɗaya da tarago uku. Sai ƙananan guntaye na musamman da ba kasafai ake saka su a kwalin farko ba, wato mai namiji a kai biyu da mai mace a kai biyu. Ku sayi bibbiyu na kowane tun ranar farko. Zan dawo kansu.

Kwana 12 na ce ba 8 ba, domin da takwas da'ira ɗaya kawai za a yi, yaro kuma ya gaji da ita cikin kwana biyu. Da goma sha biyu ake yin siffar lamba 8, shida a kowane gefe.

Sai katakon kansa. Mafi kyau shi ne itacen bich na Turai, mai nauyi, mai matsattsen jiki, launinsa fari-fari da ɗan ja, da ƙananan ɗigo-ɗigo. Da yawa daga cikin masu araha ma da shi suke yi. Wanda za a guje wa shi ne katako mai laushi marar nauyi. Gwajinsa ba wuya: ku danna farce a gefen guntun. In ya bar shaida mai zurfi, wuyan namijin ba zai daɗe ba zai karye, kuma rashin nauyin zai sa layin ya riƙa tashi da ƙaramin taɓi. Ku shafa yatsa cikin kwarmin, in kun ji gashin katako yana tsikarin ku to ba a goge shi da kyau ba. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne, sanfefa mai lamba 180 ko 220 na gyara shi cikin minti kaɗan. Ku ɗora guntu mafi tsawo a kan tebur mai santsi ku danna kai ɗaya. In ɗaya kan ya ɗaga, ya kantare, kuma kantararren guntu ba ya zama a layi ko da me aka yi masa.

Wasu masu ƙerawa ba sa sassaƙa namijin daga jikin katakon, roba suke cusawa a rami. Ba laifi ba ne in ta kamu sosai, amma ku ja kowace ɗaya da ƙarfi ku murɗa. Wadda ta motsa za ta fita wata rana, girmanta kuma daidai maƙogwaron yaro.

Nan ne inda araha ba ta da uzuri. Taragai da maganaɗisu suke haɗuwa, kuma dole ya zama a rufe cikin hular ƙarfe ko ta roba wadda ba ta ɓalluwa. Yaro ya haɗiye maganaɗisu biyu, ko ɗaya da wani ƙarfe, suna iya jan juna ta bangon hanji su huda shi. Ko zato kuka yi ya haɗiya, asibiti nan take, ba a jiran alama. Haka ƙaramin batir mai siffar maɓalli da ake sa wa wasu taragai masu fitila ko ƙara: murfinsa sai da sukuru. Ku nemi alamar EN 71, ƙa'idar kayan wasa ta Turai, ko ASTM F963 ta Amurka, ku kuma karanta shekarun da aka rubuta. Ma'aunin da ake gwada ƙananan kaya da shi don yara 'yan ƙasa da shekara uku bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya an hana. A gida, kwalin tsakiyar takardar bayan gida ya ɗan fi wannan faɗi, don haka abin da ya shige ta cikinsa ku ɗauke shi ku ajiye sai yaro ya girma.

Na hannu, wato wanda wasu yaran suka gama da shi, hanya ce mai kyau ta samun layi da yawa da kuɗi kaɗan, tunda layin da ba fenti ba ya tsufa da wuri. Masu fenti ne ke son bincike. A watan Yunin 2007 kamfanin RC2 ya janye kimanin miliyan 1.5 na kayan jirgin Thomas na katako daga kasuwar Amurka saboda dalma a fentinsu. Babban suna bai hana ba. Tsohon tarago mai fenti da ba ku san asalinsa ba, musamman in fentin yana ɓarewa, ku bar shi, ku ɗauki layin kawai.

Me ke ɗaga layi

Abu na farko shi ne ƙasan da aka shimfiɗa shi. A kan tayil ko siminti mai santsi layin yana zamewa gaba ɗaya, kowace turawa tana ɗan buɗe da'irar har mahaɗa ɗaya ta taƙure ta yi tsalle. A kan kafet mai kauri da laushi matsalar ta juye: yaro ya danna guntu ɗaya ya nutse, na kusa da shi ya tsaya a sama, namiji ya fice daga mace. Katifar soso ma haka take yi. Abin da ake so shi ne shimfiɗa mai tauri amma mai riƙo, kamar siririn kafet mai gajeren gashi, ko robar nan mai huji-huji da ake shimfiɗawa a cikin durowa ko ƙarƙashin darduma don hana zamewa. Ita wannan robar, a ganina, ita ce gyara mafi amfani a cikin duk abin da zan ambata, kuma ba ta taɓa katakon da komai. A shimfiɗa ta falle ɗaya ƙarƙashin dukkan layin. In an yanka ta ƙanana an sa wa wasu guntaye an bar wasu, za a sami tudu a mahaɗa.

Na biyu shi ne lissafi, kuma shi ne wanda ba a cika zargi ba. Sau da yawa babba ne ke haɗa layin, ya zo ƙarshe ya ga saura santimita ɗaya ko biyu kai biyu su haɗu, sai ya jawo su da ƙarfi ya cusa. Da'irar ta rufe, amma yanzu kowace mahaɗa a ɗaure take kamar baka da aka ja. Taɓawa ɗaya ta ishe ta. Alamar layin da ya rufe daidai ita ce guntu na ƙarshe ya faɗa wurinsa da kansa, kuma in kun girgiza kowane guntu da yatsa za ku ji yana ɗan motsi.

Ƙa'idojin ba su da yawa. A da'irar da ba ta gicciye kanta ba, kwanonin da suka juya dama in aka debe waɗanda suka juya hagu dole a sami takwas. In kun sa ɗaya ta hagu don layin ya yi lanƙwasa, sai na dama su zama tara. Duk tsawon miƙaƙƙe da kuka sa a gefe ɗaya, ku sa daidai shi a gefen da ke fuskantarsa: 216 a nan, 144 da 72 a can. Inda abin ke rikicewa shi ne miƙaƙƙen da ya kwanta a karkace, bayan kwana ɗaya tak. Guntu na 144 da ya kwanta a digiri 45 yana tura layin kimanin milimita 102 gaba, da wata 102 gefe. Babu guntu mai wannan tsawon. Mafi kusa shi ne 108, kuma milimita 6 da ta rage sararin mahaɗu ne zai shanye ta, in da'irar tana da guntaye da yawa. A ƙaramar da'ira ba za ta shanyu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce duk karkataccen guntu a ba shi abokinsa a ɗaya gefen, su soke juna. Kada kuma a gauraya babbar kwana da ƙarama a kusurwa ɗaya ba tare da an yi irin haka a kusurwar da ke fuskantarta ba.

Ƙaramar kwana tana da wata illa. Kan jirgi mai tsawo, ko tarago mai taya shida ko takwas, yana gogar bangon kwarmin a cikinta, ko ya sauka ko ya ture layin waje. In jirginku irin wannan ne, ku bar ƙananan kwanoni a kwali.

Mararraba ita ke kawo rikicin namiji da mace. Tana zuwa iri biyu: mai namiji ɗaya da mace biyu, da mai mace ɗaya da namiji biyu. Don a raba layi gida biyu a sake haɗe shi ana bukatar ɗaya na kowane iri. Da zarar reshe ya zagayo ya dawo ta wata fuskar, za ku tarar namiji na kallon namiji. A nan yara kan ɗora su kawai kusa da juna, jirgi ya zo ya faɗa. Waɗancan ƙananan guntaye masu kai iri ɗaya don wannan aka yi su. Ku tuna su ma suna da tsawo, galibi milimita 54, dole a saka su a lissafi.

Gada

Gada ta cancanci a daɗe a kanta, domin mafi yawan rushewa daga gare ta ne. Guntun hawa tsawonsa milimita 216 ne, yana kuma ɗaga layi kimanin milimita 64. Wato mahaɗar da ke sama tana rataye ne a kan ginshiƙi ɗan siriri, yaro kuma a daidai hawan ne yake ƙara danna jirgi. Yana danna tsakiyar guntun hawa, ƙafarsa ta zame baya, kansa ya sauka daga ginshiƙi.

Ga ɗan ƙasa da shekara uku, ku ajiye gada gaba ɗaya, ku yi amfani da gicciye a ƙasa. Ba abin da ya rasa. In kuma sai da ita, ku nemi wadda aka ƙera dunƙule ɗaya mai faffaɗan gindi, ba wadda ake ɗora falle a kan tubala ba.

In ta ginshiƙai ce, ginshiƙin ƙarƙashin mahaɗa yake zama, rabi a ƙarƙashin wannan guntu rabi a ƙarƙashin wancan. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa shi a tsakiyar guntu, sai guntun ya zama kamar sikeli, a danna nan can ya tashi. Ginshiƙi mai kunne biyu a sama, wanda layin ke zama tsakaninsu, ya fi tubali mai sumul nesa ba kusa ba. In kun haɗa kayan kamfani biyu kuka ga ginshiƙi ya gaza da milimita biyu ko uku, ku yanka kwali mai tauri ku sa a ƙarƙashinsa, ba a samansa ba. Kada a sa kwana a sama sai da ginshiƙi a kowace mahaɗa, domin nauyin kwana a gefe yake, tana son kifewa waje. A ƙasan gangara kuma ku sa miƙaƙƙe na 108 ko 144 kafin kwana ta farko. Jirgi yana saukowa da gudu, in ya tarar da kwana nan take zai fice, kuma bugun da yake yi mata shi ke buɗe layin a hankali.

Taragai ma suna da iyaka. Maganaɗisu na farko shi ke ɗauke da nauyin duk na baya, a kan hawa kuma fiye da huɗu ko biyar sukan tsinke su gangaro da baya. Idan tarago yana ture ɗan'uwansa maimakon ya kama, ba lalacewa ya yi ba, juya shi za a yi. Ku nuna wa yaro sau biyu, zai riƙe.

Kafewa, daga mai sauƙi zuwa mai wuyar warwarewa

Idan an gyara shimfiɗa da lissafi da gada amma har yanzu akwai wurin da ke buɗewa, sai a zo ga kafewa, kuma wurin kaɗai za a kafe.

Mahaɗar da ta yi sako-sako fiye da kima, irin wadda ake samu in an haɗa kayan kamfani biyu, a shafa wa gefen namijin farin gam na kafinta siriri, a bar shi ya bushe sarai kwana ɗaya kafin a haɗa. Busasshen gam ɗin yana ƙara masa ɗan kauri ba tare da ya manne ba. In bai isa ba a ƙara shafi na biyu. Wasu suna naɗa salatif na takarda, yana aiki, amma yaro mai sa abu a baki zai ɓare shi. Wadda ta matse kuwa, a naɗe sanfefa a jikin fensir a goge cikin macen kaɗan-kaɗan ana gwadawa, sannan a goga kakin zuma ko kyandir. Macen ake gogewa ba wuyan namiji ba, shi dama siriri ne. Kafin ku goge ku duba yanayi: katako yana kumbura da laima, yana tsukewa in iska ta bushe. Mahaɗar da kuka buɗe da yawa da damina za ta yi lako-lako da rani.

Akwai 'yan maƙalai na roba da ake sayarwa musamman don wannan, suna kama guntu biyu ta ƙasa da gefe a daidai mahaɗa. Suna da amfani ƙwarai a kan gada. Ba a bukatar a sa wa kowace mahaɗa, shida zuwa takwas sun isa: biyu a kowane kan gada, sauran a kwanonin da ke kusa da inda yaro ke zama. Ga ginshiƙai kuma, ɗan dunƙulen Blu Tack, wato danƙon nan mai laushi da ake liƙa takarda a bango da shi, kamar ƙwayar wake a ƙasa da sama yana riƙewa, yana kuma fita ba tabo. Shi ma sai a gidan da ba mai sa abu a baki.

Salatif mai manne biyu da Velcro, wato maƙalin nan mai ƙaiƙayi irin na bakin takalmin yara, suna da aibi ɗaya: kauri. Velcro yana ɗaga guntu milimita biyu ko fiye, kwarmin kuwa zurfinsa uku ne kacal. In an sa wa wani ba a sa wa maƙwabcinsa ba, taya za ta yi tuntuɓe a nan kullum. Ko a sa wa duka, ko kada a sa.

Mataki na gaba shi ne allo. Filawud mai kaurin milimita 12, faɗi santimita 80, tsawo 120, ya isa. Da'ira mai kwana takwas da 216 bibbiyu a dogayen gefunanta biyu tsawonta kimanin santimita 88 ne, faɗinta 45, don haka akwai sarari. A kewaye bakinsa da siririn katako da ya ɗara saman allon da santimita biyu don taragai su daina faɗowa, a goge kusurwoyi su yi kewaye. In za a ɗora shi a kan ƙafafu, tsayin santimita 40 zuwa 45 ya dace. Wannan kaɗai yana rage rushewa sosai, tunda yaro a tsaye yake, gwiwa da tafin ƙafa sun fita daga cikin wasan. Kada a jingina shi da bango, hannun yaro ba ya kai santimita 80, zai hau kan allon ne don ya kamo jirginsa.

A kan allon, sukuru ya fi kowane gam, domin ana kwance shi. Ga yadda ake yi. Ku shimfiɗa layin, ku tura jirgi zagaye goma ta kowace fuska, da tarago mafi tsawo da mafi tsayi, ku tabbata yana wuce ƙarƙashin gada. Ku sassauta kowace mahaɗa ta zauna a tsakiyar sararinta, kimanin milimita ɗaya tsakanin baki da baki, don katako ya sami wurin kumbura. Ku zana gefen kowane guntu da fensir a kan allon, ku ɗauki hoto da waya. Ku ɗage layin, ku huda allon a tsakiyar zanen da bakin huda na milimita 3. Ku mayar da guntun, ku yi masa alama ta ramin daga ƙasa, ku huda shi da na milimita 2, zurfin milimita 8. Ku naɗa salatif a bakin hudar daidai wannan zurfin don kada ya ɓullo ta sama. Sai sukuru mai kaurin milimita 3, tsawo 20, daga ƙasan allo: 12 na cikin allo, 8 na cikin layi, saura 4 kafin ya kai sama. Tudun tsakiya da ke tsakanin kwarmi biyu shi ake nufa, a nan katakon yana da cikakken kaurinsa. Kada a huda kusa da kai, a bar aƙalla santimita uku, in ba haka ba bich zai tsage har cikin macen. Guntaye na 54 da 72 ba a sa musu, maƙwabtansu za su riƙe su. Da hannu ake ƙarasa ɗaurewa. Sukuru mai tsawon 25 zai ɓullo da tsininsa a inda yatsun yaro ke bi, ku auna kafin ku saya.

Ba kowane guntu ke bukata ba. Ɗaya cikin uku ya isa, tare da ƙafafun gada biyu da kowane ginshiƙi.

In ba kayan huda, gam mai zafi na bindiga shi ne na biyu: ɗigo biyu ƙanana a ƙarƙashin guntu, a danna da sauri kafin ya daskare ya zama tudu. Ranar cirewa, 'yan ɗigon sifirit a bakinsa na sa ya saki. Farin gam na kafinta tsakanin layi da allo kuwa ba ya fita sai da naman katakon, sufa gulu kuma yana tsagewa da bugu ɗaya ya bar ɓawo mai kaifi. Cikin mahaɗa kanta kada a zuba kowane irin gam.

Dalilin da ya sa nake ta jan kunne a kan manne komai shi ne yaron da kuke yi wa wannan aikin ba zai tsaya a shekara biyu ba. A yanzu turawa ce kawai burinsa, rabuwar layi na ɓata masa rai. Nan da shekara ɗaya ko biyu ginin ne zai zama wasan: ya gwada wannan kwana, ya ga ba ta kai ba, ya kife ta, ya nemo gajeren guntu, ya gane da kansa cewa biyu na wannan sun yi ɗaya na wancan. Allon da aka manne tas ba ya ba shi wannan, kuma sai ku ga ya daina kula shi. Tsarin da ya fi dacewa da matakan biyu, na turawa da na gini, shi ne a kafe da'irar waje da gada kaɗai, a saka mararraba biyu a cikinta da bakinsu na kallon tsakiyar allo, a bar tsakiyar fili. Ƙaramin yana da zagayen da ba ya rushewa, babban yana da inda zai gina ya rushe yadda ya ga dama, duk abin da ya gina kuma yana da gindi biyu masu ƙarfi da zai jingina da su.

Kan jirgi mai batir yana ƙara wa layi aiki, domin a kowace kwana yana tura ta waje, zagaye bayan zagaye, a kan santsi har ya buɗe ta. In kuna da shi, robar shimfiɗa ta zama dole. Idan ya fara tafiya da kyar alhali batir sabo ne, ku kife shi ku duba gindin tayoyi, galibi gashi ne da zaren kafet suka naɗe, a ciro su da tsinin allura. Layin kuma ba a wanke shi cikin ruwa, ba a shanya shi a rana, duka biyun suna kantarar da shi. Tsumma mai ɗan danshi ya isa, sai tsohon buroshin haƙori a bi cikin kwarmi. Guntun da namijinsa ya karye, a yar da dunƙulen nan take, a goge wurin ya yi sumul, a mayar da guntun ƙarshen reshe inda jirgi ke tsayawa, a manna masa ɗan tubali a baki ya zama matsayar taragai.